Nauyin Ƙwayar Shinkafa Ɗaya: Siliniyam da Masu Cutar Kumburin Hanji

Wanda ya daɗe yana jinyar kumburin hanji ya saba da takardar gwajin jini kamar yadda ɗan kasuwa ya saba da rasit. Ya san layin da ke nuna yawan jininsa, ya san na sinadarin ƙarfe, wataƙila ma ya haddace na bitamin D. Wata rana kuma sai ya ga baƙon layi can ƙasan takarda: siliniyam, da lamba a gabansa, da alamar da ke nuna lambar ta gaza. Tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mene ne wannan abu? Rashinsa ne ya jawo mini ciwon, ko ciwon ne ya cinye shi? In na sayi ƙwayarsa a kemis na sha, zan samu sauƙi? Tambayoyi ne na mai hankali, kuma amsarsu sai an bi hanya mai ɗan tsawo, daga gona zuwa akushi, daga akushi zuwa bangon hanji, a biya ta hanta, kafin a dawo kan takardar.

Bari a fara da cutar kanta, domin sunanta yana rikita mutane. Ba olsa ba ce mai kama tumbi, ba kuma atuni ba ne da ƙwayar cuta ke kawowa, a sha magani mako guda ya wuce. Abin da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan IBD ciwo ne mai zama da mutum, inda garkuwar jikinsa ke juyowa ta yi ta faɗa a bangon hanjinsa ba tare da wani baƙon maƙiyi da za a nuna da yatsa ba. Yakan lafa watanni ko shekaru, ya sake tashi. Manyan nau'o'insa biyu ne. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda likitan nan na Landan, Samuel Wilks, ya bayyana a 1859. Yana farawa daga dubura ya yi sama a jere ba tsallake, kuma fatar ciki ta hanjin kaɗai yake ci. Mai shi yakan yi zawo da jini da majina, ga matsuwar zagayawa ko da tsakar dare. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn, shi da ya wallafa bayaninta tare da abokan aikinsa biyu a 1932 daga asibitin Mount Sinai na birnin New York. Ita wannan tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta ci nan ta tsallake can, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Takan ratsa kaurin bangon gaba ɗaya, har ta tsuke hanyar abinci, ko ta huda wata ɓarauniyar hanya zuwa fata ko mafitsara. A riƙe wannan bambanci, domin a ƙaramin hanji ne jiki ke tsotse amfanin abinci, shi kuwa babban hanji yawancin aikinsa janye ruwa ne.

Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta shekarar 2017 ta sa masu ɗauke da IBD a kan kimanin mutum miliyan 6.8. An fi saninta a Turai da Arewacin Amurka, amma ana ƙara ganinta a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka yayin da birane ke girma. A asibitocinmu wahalar farko ita ce ganewa. Tarin fuka idan ya kama hanji yana matuƙar kama da cutar Crohn, ga shi kuma mu a wurinmu jini a bayan gida sunansa basir, sai mutum ya shekara biyu yana shan jiƙo kafin a leƙa hanjinsa da na'ura.

Shi kuma siliniyam ɗaya ne daga cikin ma'adinan da ke cikin ƙasa da duwatsu. Masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, ya gano shi a 1817 cikin wani jan laka da ya kwanta a masana'antar sarrafa farar wuta, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin wata na sama. Fiye da shekara ɗari ba a san shi da wani alheri ga jiki ba. A shekarun 1930 aka gane cewa shi ne ke sa dawakai da shanu a jihar Dakota ta Kudu a Amurka zubar da gashi da lalacewar kofato, saboda ciyawar yankin ta tsotse shi da yawa. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana hana hantar ɓeraye lalacewa. Abin da ake ɗauka guba ashe abinci ne, in dai an tsaya a kan ma'auni. Wannan hali nasa na fuska biyu zai sake dawo mana a gaba.

Yadda rashinsa yake a jikin ɗan Adam kuwa, ƙasar Sin ce ta nuna wa duniya. A 1935 wata cutar zuciya ta ɓarke a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar, tana kashe yara ƙanana da mata masu shekarun haihuwa. Zuciya takan buɗe ta yi laƙwas, ta kasa harba jini. An lura cewa cutar tana bin wani dogon zirin ƙasa da siliniyam ya yi ƙaranci a cikinta, inda manoma ke cin abin da suka noma kawai. A tsakiyar shekarun 1970 aka riƙa ba dubban yara ƙwayar siliniyam a lardin Sichuan, cutar ta ragu ƙwarai a cikin waɗanda suka sha. Daga baya aka gano akwai hannun wata ƙwayar cuta mai suna Coxsackie, wadda ke ƙara mugunta a jikin da ba shi da isasshen siliniyam. Ƙasar Finlan, da ita ma ƙasarta ta noma ba ta da shi sosai, ta fara zuba shi cikin takin zamani a 1984, aka kuwa ga ya hau a jinin mutanenta.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai shi ne, siliniyam na abinci daga ƙasa yake fitowa. Yana kama da farar wuta a ɗabi'a, saboda haka tsiro yakan tsotse shi tare da ita, ya saka shi cikin furotin na ƙwayar hatsi. Dabba ta ci hatsi da ciyawa, mutum ya ci dabba da hatsi. Masara iri ɗaya da aka shuka a gonaki biyu masu nisa da juna za ta iya bambanta ninki goma ko fiye. An auna irin wannan bambanci gunduma-gunduma a Malawi da Habasha, aka ga cewa inda mutum yake zaune yana da babban tasiri a kan abin da ke jininsa. Ke nan tun kafin ciwo ya zo, ba kowa ne ke farawa da ajiya iri ɗaya ba.

Nawa jiki yake buƙata? Ma'aunin Amurka ya ce maikurogiram 55 a rana ga baligi, 60 ga mai juna biyu, 70 ga mai shayarwa. Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. In aka tara abin da mutum ke buƙata shekara guda cur, zai kama miligiram 20, kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya. Duk abin da ke jikin baligi ma bai wuce haka ba, kuma kaso mai tsoka daga ciki yana ajiye ne a naman jiki.

Abin mamaki shi ne irin aikin da wannan ɗan mitsitsin abu yake yi. Jiki yana gina furotin ne da tubala iri 20 da aka saba ji, amma akwai na 21, mai suna selenosistin, wanda ke ɗauke da siliniyam a cikinsa. Furotin iri 25 a jikin mutum ba sa ginuwa sai da wannan tubali. Wasunsu suna aiki ne a kan sinadarin da ƙullutun nan na wuya ke fitarwa, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo. Su ne ke mayar da sinadarin zuwa siffar da jiki ke amfani da ita. Amma waɗanda suka fi shafar maganarmu su ne wani dangi da ake kira GPx a taƙaice, waɗanda aka tabbatar a 1973 cewa da siliniyam suke aiki.

Don a fahimci aikinsu, a tuna da ruwan nan da ake zubawa a rauni ya yi ta kumfa, haidurojin faroksaid. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna ƙera irin wannan ruwa da danginsa da kansu, su fesa wa ƙwayoyin cuta su ƙone su. Makami ne mai kyau, sai dai wuta ba ta san gidan mai ita ba. In ya yi yawa yakan ci fatar ƙwayoyin halittar jiki, kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Aikin GPx shi ne bin bayan sojojin yana mayar da ragowar wannan ruwa mai ƙuna zuwa ruwan banza. Su ne 'yan kwana-kwanan jiki. Ɗaya daga cikinsu, GPx2, mazauninsa ma fatar cikin hanji ne, wurin da ke fuskantar biliyoyin ƙwayoyin bakteriya dare da rana, wanda kuma ke sabunta kansa duk bayan kwana 3 zuwa 5.

To a hanjin mai IBD sojojin ba sa komawa bariki. Wutar tana ci, 'yan kwana-kwana suna aiki ba hutu, buƙatar siliniyam tana ƙaruwa. Gwaje-gwajen dabbobi sun ƙarfafa wannan fahimta. A 2001 masu bincike a jihar Kalifoniya suka samar da ɓerayen da aka cire musu GPx1 da GPx2 gaba ɗaya, sai ɓerayen suka kamu da kumburin ƙarshen ƙaramin hanji da babban hanji tun suna ƙanana. Wasu gwaje-gwajen sun nuna cewa ɓeran da aka hana siliniyam, in aka jawo masa kumburin hanji da gangan, ya fi shan wuya kuma ya fi jinkirin warkewa, domin siliniyam yana taimaka wa wasu sojojin jiki su ajiye makami su koma aikin gyaran rauni. Wannan ne dalilin da ya sa masana suka damu da wannan layi na takardar gwaji.

Da aka koma kan mutane, bincike da dama a ƙasashe daban-daban ya samu siliniyam na jinin masu IBD ƙasa da na masu lafiya, abin ya fi fitowa fili a cutar Crohn. A Denmak, farkon shekarun 1990, an ga ƙarancin ya fi tsanani ga waɗanda aka yanke musu dogon yanki na ƙaramin hanji. A birnin Maastricht na ƙasar Holan kuma, a 1998, an same shi ƙasa har ga waɗanda suka daɗe da cutar amma ta lafa musu a lokacin gwajin.

Ta ina yake zurarewa? Ƙofa ta farko, kuma wadda aka fi rainawa, ita ce baki. Mai wannan ciwo yana koyon tsoron abinci ne sannu a hankali. Yau ya ci soyayyen kifi cikinsa ya murɗa har asuba, ya yi sallama da kifi. Wani mako ya ci nama a wurin biki ya kwana yana zarya, nama ya fita. Wata gwaggo ta ce ƙwai yana tayar da ciwon ciki, ƙwai ya bi sahu. Madara da wake da gyaɗa dama tuni aka haramta su. In ka leƙa kwanonsa bayan shekara guda, farar shinkafa ce da ɗan mai, ko koko da safe, shayi da burodi da dare. Yakan ce wa likita, "Wallahi likita, su kaɗai cikina yake karɓa." Gaskiya yake faɗa, ba shagwaɓa ba ce. Sai dai abubuwan da ya kora, kifi da nama da ƙwai da kayan ciki, su ne rumbun siliniyam. Ga shi kuma kumburi da kansa yana kashe sha'awar abinci, har a kawo wa mutum abin da ya fi so ya kau da kai.

Ƙofa ta biyu ita ce tsotsa. A hanji mai lafiya siliniyam yana da sauƙin shiga: irin wanda ke cikin hatsi da nama, jiki yana karɓar kusan kashi 90 cikin 100, yawanci a sashen farko da na tsakiyar ƙaramin hanji. Fatar cikin hanji tana da 'yan tsiraru kamar gashin tawul, waɗanda in an shimfiɗa su za su rufe kimanin murabba'in mita 30. Kumburi yana goge waɗannan tsiraru, zawo yana kora abinci ya wuce kafin a gama da shi, tiyata kuma tana rage tsawon hanyar ɗungurum. Wanda ƙaramin hanjinsa ya koma ƙasa da mita 2 bayan yanke-yanke, likitoci na lissafa shi cikin masu gajeren hanji, kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa cutar Crohn ta fi gyambon babban hanji jawo matsalar.

Ta uku ita ce yoyo. Bangon hanji mai gyambo yana tsatsafar da jini da ruwan furotin zuwa cikin bayan gida, kuma siliniyam a jikin furotin yake maƙale, sai su fita tare.

Akwai kuma ƙofar da magani da kansa ya taɓa buɗewa. Wanda hanjinsa ya gaza gaba ɗaya akan ciyar da shi ta jijiya, da ruwan abinci da aka haɗa a leda. A farkon wannan fasaha ba a sa siliniyam a cikin haɗin ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 sai rahotanni suka fara fitowa daga New Zealand da Amurka, na marasa lafiya masu ciwon tsoka har ba sa iya tafiya, da waɗanda zuciyarsu ta buɗe irin ta mutanen Keshan, wasu ma suka rasu. Yanzu sa shi a haɗin ya zama ƙa'ida. A Japan, inda aka daɗe ana kula da masu cutar Crohn da tataccen abincin ruwa na tsawon watanni ko shekaru, an sha ganin irin wannan ƙaranci saboda wasu haɗe-haɗen ba su da isasshensa.

Alamomin ƙaranci mai tsanani ba su da ihu. Kasala ce da ciwon cinyoyi, hawa bene ya zama aiki. Gashi ya yi laushi ya canza launi ya fara zuba. Sai farce: in ka danna farcen mai lafiya za ka ga ja-ja a ƙarƙashinsa, na wannan kuwa ya yi fari fat kamar an shafa alli daga ciki. Zuciya ce ta ƙarshe kuma mafi haɗari. Amma wannan mataki ba kasafai ake kai wa gare shi ba. Yawancin masu IBD da aka ce nasu ya yi ƙasa ba su da wata alama da za a ce ga ta, lamba ce kawai a takarda.

Nan ne maganar ta fi buƙatar natsuwa, domin lambar kanta tana iya yaudara. Abin da ɗakin gwaji ya saba aunawa shi ne siliniyam na ruwan jini, bayan an ware ƙwayoyin jinin gefe. Fiye da rabin wannan yana cikin furotin guda ne da hanta ke ƙerawa, mai suna selenofurotin P. Motar dako ce: hanta ta loda mata siliniyam, ta bi jini ta kai wa ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran sassa. Idan kumburi ya tashi a ko'ina a jiki, saƙo yakan isa hanta cewa ana yaƙi. Sai ta sauya aiki, ta ƙara ƙera furotin na yaƙi irin su CRP, ta rage ƙera motocin dako. A lokaci guda ƙananan hanyoyin jini suna saki, wasu furotin su fice daga jini su shiga nama. Sakamakon haka siliniyam na ruwan jini yana faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da ajiyar jiki tana nan ba abin da ya taɓa ta. Wanda ya tsaya bakin titi yana ƙidaya motocin hatsi ranar da aka sa dokar hana fita, zai koma gida ya ce gari ba abinci, alhali rumbuna cike suke.

Masu bincike a birnin Glasgow na Sikotilan sun bi dubban sakamakon gwaji suka auna girman wannan yaudara, suka wallafa a 2012. Abin da suka samu shi ne, ba a iya dogara da siliniyam na ruwan jini sai CRP yana ƙasa da miligiram 10 a lita. Haka zinki da bitamin A da D da C suke, kowanne da iyakarsa. Mai IBD da ciwonsa ya tashi kuwa, CRP ɗinsa yakan haura wannan nesa ba kusa ba, kuma a daidai wannan lokaci ne ake yawan ɗibar jininsa, tunda lokacin ne yake zuwa asibiti. Mafita biyu ce. Ko dai a auna siliniyam tare da CRP a jini ɗaya, a maimaita bayan ciwon ya lafa, ko a auna wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Su waɗannan suna rayuwa kimanin kwana 120, suna ɗauke da abin da aka zuba musu tun ranar da aka ƙera su, hayaniyar mako guda ba ta girgiza su. Sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan ba.

Da wannan za a iya amsa tambaya ta biyu. Ba a ɗauki ƙarancin siliniyam a matsayin sanadin IBD ba. Cutar tana fitowa ne daga haɗuwar gado, da yanayin ƙwayoyin bakteriyar hanji, da muhalli, da garkuwar jiki da ta kauce hanya. Miliyoyin mutane suna zaune a ƙasashe masu ƙarancin siliniyam ba tare da ita ba. Abin da hujja ta fi goyon baya shi ne ciwon ne ke jawo ƙarancin, ta ƙofofin da aka ambata, sannan ƙarancin, in na gaske ne, ya rage wa hanji ƙarfin kare kansa da warkewa.

Saura maganar ƙwaya. Gwaje-gwajen da aka yi na ba masu IBD siliniyam ƙanana ne, na mutane kaɗan da makonni kaɗan, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin hanji ba su sa shi cikin magungunan cutar ba. Abin da ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta ba da shawara shi ne a riƙa duba ƙananan sinadaran jikin mai IBD lokaci-lokaci, har da lokacin da ciwon ya lafa, a cike wanda aka tabbatar ya gaza. Akwai kuma darasi daga wani fanni. A 2001 aka fara babban gwajin nan mai suna SELECT a Amurka da Kanada da Puerto Rico, da maza fiye da 35,000, don a ga ko maikurogiram 200 a rana zai hana sankarar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. An dakatar da shi a 2008 saboda bai hana ba. Wani gwajin da ya gabace shi, da aka sake nazarin sakamakonsa a 2007, ya nuna ƙarin ciwon suga a cikin waɗanda suka sha, musamman waɗanda dama jininsu ya wadata. Wanda yake da isasshe, ƙari ba ya amfanarsa.

Tazarar da ke tsakanin isa da wuce gona da iri kuma ƙarama ce. Amurka ta sa iyakar sama a maikurogiram 400 a rana ga baligi, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuwa ta sauko da tata zuwa 255 a 2023. A yankin Enshi na lardin Hubei a Sin, farkon shekarun 1960, ƙauyuka sun yi fama da zubar gashi da faɗuwar farce saboda ƙasarsu ta cika siliniyam. A 2008 mutum 201 a jihohi 10 na Amurka suka sha guba daga wani ruwan ƙarin kuzari da aka yi kuskuren zuba masa kusan ninki 200 na abin da aka rubuta a kwalba. A duba alamomin yawansa: zawo, tashin zuciya, gajiya, zubar gashi, karyewar farce, da warin tafarnuwa a numfashi. Ban da warin tafarnuwa, kusan duk abubuwan da mai IBD ya saba gani ne a jikinsa. Zai iya ɗauka ciwon ne ya tashi, ko ƙarancin ne ya ƙaru, sai ya ƙara ƙwaya a kan ƙwaya.

Bayan duk wannan, ga yadda nake ganin lamarin. Layin siliniyam a takarda ya fi amfani a matsayin ɗan aike da ke kawo labarin kwanon mai jinya. Da wuya ya ɓace shi kaɗai. Hanjin da ya rasa shi galibi ya rasa sinadarin ƙarfe, wanda ƙarancinsa shi ne ya fi yawa a wannan cuta, ya rasa zinki da bitamin D, in kuma ciwon ko tiyata ya taɓa ƙarshen ƙaramin hanji, har da bitamin B12 da a nan kaɗai ake tsotse shi. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin nan mai farar shinkafa da shayi, wanda kowa a gida ya taya shi cire abinci, ba wanda ya taya shi mayarwa. Shi abin da yake buƙata, bayan maganin da zai kwantar da kumburin, shi ne zama da masanin abinci a dawo da abin da aka kora ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da cikin ya lafa: dafaffen ƙwai, kifi a farfesu maimakon a mai, naman kaza da ya dahu luguf, ɗan hanta ko ƙoda jefi-jefi. A ma'aunin Amurka ƙwai babba ɗaya yana ba da kimanin maikurogiram 15, giram 85 na kifin sadin kuma kimanin 45, ka ga an riga an cika na yini. Gyaɗar Burazil da ake yawan tallatawa tana da 68 zuwa 91 a ƙwaya ɗaya tak, biyar sun kai mutum bakin iyaka, kuma wanda hanjinsa ya tsuke bai kamata ya ci irin wannan abu mai tauri ba sai da izinin likita.

Akwai waɗanda abinci kaɗai ba zai ishe su ba: mai gajeren hanji, mai ɓarauniyar hanya da ke zubar da ruwa da yawa, mai cin abinci ta jijiya ko ta bututu na dogon lokaci, da wanda aka maimaita masa gwaji ciwo a kwance aka sake samun lambar a ƙasa. Waɗannan ƙarin siliniyam haƙƙinsu ne, ta baki ko ta jijiya, da adadin da likita ya yanke da kuma ranar tsayawa. Kafin a yanke adadin, yana da kyau mai jinya ya kwaso duk kwalaben da yake sha a gida ya zube su a kan teburin likita, har da ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe da wani ɗan uwa ya aiko daga waje, domin da yawansu akwai siliniyam a ciki kuma sai an haɗa lissafi. Bayan wata uku zuwa huɗu, lokacin da sababbin jajayen ƙwayoyin jini suka maye gurbin tsofaffi, sai a sake ɗibar jinin, tare da CRP a gefensa.